Mahfuzu da ɗakin gashin ordinatar

Ranar da Mahfuzu ya sha kunya ina wurin, a layin gaba ma, don ni ba a barina baya wajen kallo. Ƙungiyar manoman albasa ta Babankatami ta sayi ordinatar, wato kwamfuta, ta hannu wurinai, sunka ce ya zo ya haska hotunan gonakinsu a bango gaban baƙi daga Tawa. Hoto na ukku, abu ya ɗauke ɗif. Ya tada ta, ta sake mutuwa. Sai ga maƙwabcin nawa Mahfuzu ya tuɓe hula shina yi mata hwihwita kamar mai hura gawayin shayi. Wani tsoho ya ce a kawo mata ruwa ta suma. Har baƙin sai da sunka dara.

Hajiya Delu, shugabar ƙungiyar, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce mishi: "Ɗana, guda biyar muka son saye don ƙauyukanmu. Na ba ka wata guda. In wagga ta sake, Ƙonni za mu, kuma kowa a nan yankin Buza zai ji dalili."

To shi Mahfuzu gyaran waya da ordinatar ne cinsa da shansa. Lekol, wato boko, bai kai ƙarshe ba, ya tahi Tawa ya koyi gyaran waya shekara huɗu, ya dawo ya buɗe rumfa jikin katangata. Ubanai, Allah ya jiƙanshi, dillalin jakuna ne a kasuwar Ibohamane, kuma bai taɓa sayen jaki ba sai ya ɗora mishi kaya ya kora shi kan tudu da rana tsaka. Mahfuzu ya ce nan ya yi kuskure: shi da sanyin safe ya gwada ordinatar ɗin, ƙarƙashin bantilatar, wato fanka, ta kunna lafiya ya ce ta yi.

Sai ya share ɗakin kwanon da suka ajiye ƙaiƙayi. Watan Afirilu ne hwa. Ya jera ordinatar tara da ya ɗauko daga Yamai, ya sa musu wani lojisiyel mai tilasta ma inji aiki iya ƙarfinai ba hutu, ya rufe taga. Daga hantsi har la'asar, kwana ukku kowace. Shina zaune da gajeren wando, zufa na ɗiga, shina duba lambar zafi a ekaran, fuskar injin, shina rubutawa a bango da gawayi. Ta kai tasa'in, ya ɓata rai. Ta tsaya saba'in da biyar, ya yi mata kirari.

Na leƙa na ce: "Maƙwabci, in sun gasu a sam mini cinya."

Ya ce: "Kawu Tsoho, rufe ƙofa, kana shigo musu da iska."

Biyu sunka mutu ranar farko. Ukku sunka riƙa yin sanyin jiki in zafi ya hau, aikin minti guda sai ya ci huɗu. Waɗannan ya kwance su, ya share datti, ya shafa ma zuciyar injin wani farin maiƙo, ya mai da su gashi tun daga farko. Guda ɗaya tak ta tsira cikinsu. Ranar da kuran, wato lantarki, ya ɗauke bai ƙirga ta ba, ya sake. Matarshi Rahila ta ce ko tuwo sai ta miƙa ta ƙarƙashin ƙofa.

Da wata ya cika Hajiya Delu ta ce ba ta yarda da baki, sai ta gani. Ta shiga ɗakin da azahar, ta zauna kan turmi gaban biyar ɗin da sunka tsira. Minti ashirin ba ta yi ba ta hito tana salati, mayahi a hannu. Su kuwa suna ta aikinsu. Ta ce a ɗora su a mota.

Ni dai bakina bai iya shiru. Na ce: "Mahfuzu, yanzu kai abin da bai sha wuya ba ba ka yarda da shi ke nan?"

Ya ce: "Kawu, gode Allah ba ni anka ba gwajinka ba kahin a ba ka Iya Rabi. Da ko hantsi ba ka kai ba."