Ranar da Ya Zo da Baffansa

Tun da aka fara rubuta tarihi, ba a ƙera makamin da ya kai "a yi haƙuri" kisa ba.

Mahaifina ya rasu maigidana yana Abuja wurin aiki. Har aka tashi zaman makoki bai zo ba, ta waya ya yi ta'aziyya. Abin ya tsaya mini a rai, har na nemo wata mai ba ma'aurata shawara a Sama Road, ta ce mu zo mu biyu kawai.

Sai ya zo da baffansa, wai ba a sulhu babu babba.

Ni da nake koya wa ɗalibai muhawara, na sauka daga kujera na durƙusa. Matar ta ce in dubi mijina in faɗi abin da ke raina. A gaban suruki?

"Mi anka yi miki, ɗiyata?" in ji Baffa.

"Ba komai, Baffa."

Ya dubi matar. "To, kin ji. A yi haƙuri." Ya shafa fatiha, ya yaba sanyin ofishin.

Har yau maigidan bai je ya gaida mahaifiyata ba.