Ƙofar da Verna Ta Yanka

A filin jirginmu na ciyawa, can bayan gonakin shanun madara a jihar Wisconsin ta Amurka, kowa ka tambaya labarin jirgin saman da yake haɗawa sai ya ce saura kaɗan. Nawa ma saura kaɗan ne tun ina da gashi a ka. Mutum ɗaya na sani da ta ce za ta gama, ta kuma gama: Verna Kaczmarek, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta.

Asali jirgin na mijinta ne, Norb, mai gyaran injin tatsar madara. Shi ya sayo falankin alminiyam da zanen jirgi mai kujera biyu, ya kori motarsu daga gareji ta koma kwana cikin dusar ƙanƙara. Verna ba ta taɓa cewa jirgi ya dame ta ba. Sai dai aikin ƙusa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Da ƙananan ƙusoshi dubbai ake ɗinke jikin irin wannan jirgi. Ɗaya yana waje da bindigar iska yana dukan kan ƙusa, ɗaya yana ciki ya tokare bakinta da dunƙulen ƙarfe har ta baje. Ƙara ba ta barin a ji magana, don haka na ciki da ƙarfen yake magana. In ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, a ƙara. Sau biyu, ta yi. Sau uku, ta ɓaci, a huda a cire.

Verna ce ta ciki, don ita ce ƙarama. Shekara da shekaru tana duƙe a cikin jelar jirgi tana yanke wa mijinta hukunci. Ta kan ce mana, "Nan ne kaɗai nake magana Norb ya ji. Da na sani, da tun ranar ɗaurin aure na sayi ƙarfen nan."

An gama fukafukai da jela, saura gaba, sai ciwo ya faɗa wa Norb. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke ɗungurungum. Aka dawo da shi gida a keken guragu. Ya kan wuni a bakin taga yana kallon ƙofar gareji, mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru.

Ranar Asabar mukan taru a rumfar jirage mu ci fanke mu sha kofi. Nan Lyle Haugen, mai walda, wanda bakinsa ba ya da birki, ya tare ta.

"Verna, ki manna hoton jirgin a allon talla ki sayar kawai. Haka matan sauran suka yi, ba abin kunya ba ne."

"Waɗancan takaba suke yi, Lyle. Nawa mijin yana gida yana cin abinci, ya ma fi ka ci."

"To wa zai riƙe bindiga?"

"Ni."

"Wa zai tuƙa?"

Ta juyo ta dube ni, don ni ke koyar da tuƙi a filin. Na ajiye fanken da ke hannuna.

Abin da ta sa a gaba ɗaya ne: Norb ya tashi sama a cikin jirgin da ya fara, tun yana da sauran ƙarfi. Ta tura kekensa gareji, ta damƙa masa dunƙulen ƙarfe a hannun hagu, ita ta ɗauki bindiga. Ina wurin ranar farko. Ta buga, ya ƙwanƙwasa uku. Ta sake, uku. Ta cire abin toshe kunne ta riƙe ƙugu.

"Uku kuma? Tsoho, rantse ba ramuwa kake yi ba!"

Rabin bakin Norb ya motse, kafaɗarsa ta hau rawa. Dariyarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Ni dai na fita waje na tsaya duba tayar motata, wadda lafiyarta lau.

Daga nan maganarsu ta koma ta ƙarfe, har a tebur. In ta zuba masa miya ya buga ɗaya, ta ƙara. In ta kunna masa labarai ya buga uku, ta kashe.

Sai maganar ƙofa. Ƙofar da ke cikin zane matsattsiya ce, mai lafiya ma sai ya naɗe kamar tabarma yake shiga. Verna ta ce za ta yanka ta faɗaɗa. Lyle ya kusa shaƙewa.

"Ke, jikin jirgi ba cuku ba ne da za ki yi ta yanka!"

"Jirgin da mai shi ba zai iya shiga ba, akurkin kaji ne. Za ka yi mini waldar mariƙi ko in kai wa wanda ya iya?"

Ba da ka ta yi ba. Ta nemi injiniya ya auna mata inda za a ƙara ƙarfi, ta fara gina ƙofar da katako, ta yi ta gwada shigar da Norb har suka gano inda hannunsa na hagu yake kaiwa. Nan Lyle ya kafa mariƙi, yana aiki yana mita. Ta saukar da matakin hawa ƙasa, ta sa kujerar dama tana zamewa baya. Wallahi ban ga jirgin da aka ɗinka wa mutum daidai jikinsa kamar wannan ba.

A sama ba ta da tsoro. Wadda ta tuƙa bas cike da yara a kan ƙanƙara, iska ba ta firgita ta. Sauka ce matsalarta, tana dira kamar ta hango yaro a bakin titi. Ta dai ci jarrabawar tuƙin jirgi. Amma a hunturun nan ciwon ya sake taɓa Norb, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga doka kuma: sabon jirgin da aka haɗa a gida, sai matuƙi ya gama gwada shi shi kaɗai kafin ya ɗauki wani. Duk safiyar da gari ya waye garau, Verna tana sama tana kewaya, Norb yana bakin fili a lulluɓe da bargo yana bin ta da ido. Mu duka tsoro muke ji kada lokaci ya riga ta, ba dai wanda ya furta.

Da kaka, bayan an yanke masara, ranar ta zo. Muka tura keken har gindin ƙofar jirgin, ni da Lyle muka miƙa hannu za mu ɗaga shi. Norb ya buga hannun keken sau uku. Muka ja da baya. Ya kama mariƙin, ya ja jikinsa a hankali, ya zame cikin kujera da kansa. Lyle ya zaro hankici ya hau fyace hanci, wai ƙurar masara ce.

Suka tashi, suka bi ta kan tafki, suka kewaya rufin gidansu, har suka zama ɗigo. Da suka dawo, jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya sake taɓawa, kamar yadda ta saba. Ta kashe inji, na ruga na buɗe ƙofar. Verna ta jiƙe da gumi.

"To, tsoho, yanke hukunci. In uku ne ma ka buga, na san na yi tsalle."

Norb ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga hannun hagu ya ƙwanƙwasa allon gabansa sau ɗaya. Muka tsaya jiran na biyu. Ya mayar da hannun kan cinyarsa.

Verna ta share ido da bayan hannu, ta jawo bel ɗinta ta ɗaura.

"Kun ji shi ai, a ƙara ya ce. Ku rufe mini ƙofar nan, ku matsa daga gaban farfela."