Rijiyarmu da Jabel ɗin Yaya

Tun ranar da Yaya ya dawo daga Duwala da shuɗɗan durorin nan hankalina bai kwanta ba. Ya yi aiki can a wata masana'antar sinadarai, ya koyo haɗa sabulun ruwa da jabel, ruwan nan mai sa kaya su yi fari. Ya kafa rumfa a bayan gidanmu a unguwar Briketeri, dab da rijiyar da kakanmu ya haƙa. Duk layinmu ita ce madogara in famfo ya ɗauke, kuma famfon namu ya fi ƙwarewa a ɗaukewa. Butocin masallacin ƙofar gida ma daga ita ake cika su.

Kasuwa ta karɓe shi, ba ƙarya. Masu shago daga unguwar Ekudu suna layi, mahautan unguwar Etudi suna aikowa a ɗaukar musu jarka-jarka don wanke mayanka. Ya sake wa Inna rufin ɗaki. To wa zai buɗe baki? Sai ni, uwar magana.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ruwan wankin duro. Mai kumfa ne, mai hawa kai, kuma a wani rami jikin katanga yake tuttule shi.

Na ce, "Yaya, ramin nan da rijiya fa ƙasa ɗaya suke sha."

Ya ce, "Ke dai kin cika sa ido. In na ɗauko mota ta kwashe, ribar me zan ci? Can inda na baro a kogi suke zubarwa, kuma mai kamfanin yana nan da tumbinsa."

"Ai shi ba ruwan kogin yake sha ba!"

Ya ce in je in ji da tukunyata. Na kai ƙara wurin Baba, shi kuma ya ce arziki ba ya son hayaniya.

Daga nan na kasa zama. In ja guga, in shinshina, in zubar, in shiga ɗaki, in fito in sake ja. Inna har cewa take ko rijiyar zan aura. Da damina ta kankama, ramin ya cika ya malala, shayinmu ya fara ɗanɗanon magani. Maƙwabta suka janye daga ɗiban ruwanmu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan saboda kunyar Baba. Wallahi shirun nan ya fi zagi yi min ciwo.

Wata la'asar famfo a ɗauke, ina leƙe daga zaure, Liman ya zo alwala. Tsoho ne, abokin Baba tun ƙuruciya. Ya tsiyayi ruwan buta a tafinsa, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye butar a hankali.

Ya ce wa Baba, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ruwan da warinsa ya sauya ba ya alwala."

Ya durƙusa ya dafa dutse ya yi taimama, ga rijiya cike har baki, ga indararo yana ɗiga. Mutane suka bi shi. Baba ne na ƙarshe, kuma bai ɗaga kai ya kalli kowa ba.

Washegari Baba ya sa aka liƙe bakin rijiyar da siminti. Yaya ya kwashe durorinsa zuwa wani fili a bayan gari, ya tona sabon rami, kasuwarsa har yau tana ci. Mu kuwa ruwa muke saye.