Ledar da na rufe albasar Kawu

Shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Kebbi ina aiki a wata masana'antar leda a Kano, kuma a lokacin kaina ya fi hulata girma. An kawo mana sabuwar ƙwayar roba da aka sarrafa da wani sinadari mai suna metalosin. In aka narka ta aka hura, leda takan fito siririya, amma ka ja har hannunka ya gaji, sai dai ta miƙe, ba ta kecewa. Da na tashi zuwa gida Jega na sayi naɗi guda na ledar, na ɗaura a bayan mota kamar ni na ƙirƙiro ta.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin albasa ne a Aliero. In ya kwashe albasa da rani ba ya sayarwa, yakan jera ta a rudu, wato gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa aka yi wa rufin ciyawa, ta zauna har damina, lokacin da take tsada. Da ita gidansa ke cin tuwon shekara. Na tarar ya ɗora wata tsohuwar leda a kan rufin, duk huji, iska na kaɗa ta. Na yi dariya.

"Kawu, wagga tsumma mi taka tarewa? Ga wadda ba ta kecewa na kawo maka."

Ya murza ledar da yatsa, ya ce, "Ɗana, albasa tana son shan iska hwa."

Na yi masa bayanin masana'anta, har da Turancin da ban gama iyawa ba. Ya bar ni na yi yadda nake so, don a ganinsa ɗan 'yar'uwarsa mai boko ba zai yi magana a banza ba. Da hannuna na lulluɓe rudun tun daga sama har ƙasa, na danne gefe da duwatsu, ko ƙuda ba zai shiga ba. Na wuce Maiyama gaishe da dangi ina jin daɗin kaina.

Bayan mako uku na biyo ta Aliero kan hanyar komawa. Tun daga bakin gona wari ya tare ni. Ledar ta yi gumi daga ciki, ruwa na gangarowa. Kawu ya kama gefe ya ja, ya sake ja, ta ƙi, sai da ya zaro wuƙa. Albasar ta dahu a cikin zafinta, ka taɓa ta sai yatsa ya nutse. Tsohuwar ledar da na raina, hujinta ne ke barin albasa numfashi.

Na so ya zage ni, da na sami sauƙi. Bai yi ba. Ya goge wuƙar a gefen riga ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi, ɗana, ba ta kecewa." Kunya ta hana ni ɗaga kai. Daminar nan sai da ya sayar da sansa na huɗa kafin gero ya nuna, kuma ba daga bakinsa na ji ba.

Ledar bai yar ba, ya rufe akurkin kaji da ita. Shekara da shekaru duk zuwana Aliero ita nake fara gani a tsakar gida, rana ta koɗar da ita, amma ko huji ɗaya babu sai inda wuƙar Kawu ta bi.