Ranar da Na Nemi Suga a Gidana Na Rasa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Asabar, cikin hutun ƙarshen shekara. Mu uku ne a teburi, a gidan hayarmu da ke bayan titin Gate City a nan Greensboro: ni, da maigidana, da 'yarmu ta fari wadda ta zo mana hutu daga Charlotte inda take aure. A gabanmu akwai kek ɗin citta da na gasa da hannuna. Na ɗauki wuƙa na yanka, na sa wa maigida babban yanki. Wannan yankan ne dalilin rubuto muku. Amma bari in bi abin daki-daki, domin ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Ni 'yar Maradi ce. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Aikina a nan wanki da ninke zannuwan gado a wani otal a cikin gari, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na barin kusurwa ɗaya a karkace. Haka nake a gida, kowane cokali da mazauninsa, kowace rana da girkinta. Maigida yana sayar da tsofaffin motoci tare da wani ɗan garinsu. Mutum ne mai raha da sanyin hali, tun muna sabon aure yake kirana Kumandan. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don a ganina gida sai da doka.

Da likita ya ce yana da ciwon suga, har ta kai ga yin allura kafin cin abinci, sai na ɗauki abin kamar yaƙi. Na kafa dokoki uku. Ta farko, babu suga, babu zuma, babu dabino, babu lemon kwalba a gidana, na tattara duka na bayar. Ta biyu, tuwo da shinkafa ni ke aunawa, kuma ba a ƙari. Ta uku, babu abincin waje. Wannan ta ukun ce ta haɗa ni da maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ƙofarta ke kallon tamu. Duk Juma'a takan aiko mana da lamurje mai sanyi, abin shan nan na citta da suga. Na mayar mata da gorarta a cike, na ce ta daina, ba na son a kashe min miji. A wurinmu ko kwano ba a mayarwa babu komai a ciki, balle a mayar wa mutum kyautarsa yadda ta zo. Ita dai ta ce to, Allah ya ba Alhaji lafiya. Daga ranar gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Idan zan yi wanki nakan laluba aljihunsa, kuma sau da yawa ina samun 'yan alawa a ciki. In zuba a shara, in yi masa faɗa kamar yaro, shi kuma ya yi murmushi ya ce Kumandan ta kama ɓarawo. Sau ɗaya ya fara cewa ai likita ne ya ce ya riƙa yawo da su. Na katse shi, na ce wane likita ne zai ba mai ciwon suga alawa, kada ya raina min hankali. Bai sake tayar da maganar ba. Ban taɓa binsa wurin likita ba. Turancina na wurin aiki ne, shi kuma mutum ne mai kunyar jikinsa, allurar ma a ɗaki yake yi ya turo ƙofa. Na san duk abin da ke shiga bakinsa, amma ban san komai a kan allurar nan ba, kuma ban tambaya ba.

Yanzu batun kek. Idan Disamba ta kama, shagunan garin nan kan cika da wani kek baƙi-baƙi mai citta da kirfa da kanumfari, wanda mutanen nan ke ci a bikinsu. Bikin ba namu ba ne, amma hutun na kowa ne, kuma maigida ya ƙwallafa rai a kek ɗin tun shekarar da muka zo. Yakan ce ƙamshin kunun da tsohuwarsa ke dama musu da mazarƙwaila a lokacin sanyi yake ji a cikinsa. Shekarar da nake ba ku labari mun je cefane tare, na juya sai na hango shi ya ɗauki kwalin kek ɗin ya kai hanci, ya lumshe ido. Da ya ga ina kallonsa ya mayar da sauri, ya kama gyaran hula. Abin ya tsaya min a rai. Na kira 'yata na gaya mata. Ita ce ta turo min bidiyon yadda ake yin irinsa na masu ciwon suga, da garin almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, a madadin fulawa, da wani farin gari mai zaƙi wanda ba suga ba ne.

Safiyar Asabar ɗin, bayan maigida ya fita, ni da 'yata muka shiga kicin. Da farko na daka busasshiyar citta da kanumfari da masoro a turmina, don ban yarda da na kwalba ba, na tankaɗe na haɗa da kirfa. Na biyu na buga man shanu da farin garin nan, na fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Na uku na zuba garin almon ina juyawa. Sai na ga ƙullin ya yi fari, ba kamar na shago ba, domin na shagon da baƙin maɗin rake ake yi. Na zuba ɗan garin cakulan marar zaƙi har ya yi duhu. 'Yata ta tambaye ni na mene ne, na ce don kada babanta ya gane. Na san halinsa, duk abin da aka ce na masu ciwo ne yana cinsa kamar mai haɗiyar maɗaci. Ina so ko sau ɗaya ya zauna ya ci abu kamar lafiyayye. Ta ce Mama ki dai gaya masa, cikin Hausarta rabi Turanci rabi. Na ce ita da aka haifa jiya ce za ta koya min zama da miji? Ta juya ta kama wanke kwanuka.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar iska, ya tambaya ko ya ɓata hanya ne ya shigo gidan wasu. Na ce masa yau na ɗage doka, kek ne na gaske, da fulawa da suga kamar na shago. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske nake, na ce yaushe ya taɓa jin na yi wasa da maganar abinci. Ya ce yanka nawa aka yarje masa, na ce biyu. Don ƙaryar ta zauna daram na ƙara da cewa tun da za a ci kek, yau babu tuwo babu shinkafa, gasasshiyar kaza da ganye kawai. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa kamar kullum, ya fito yana fara'a. Ya ci kaza, ya ci yanka biyu, ya sa 'yarsa ta ɗauki hoto, wai don a samu shaida ranar da Kumandan za ta musa. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, kuma na ji ni gwana ce.

A sallar Magariba abin ya fara. Yana jan mu salla sai ya sarƙe a wata gajeriyar sura da yake karantawa tun yana yaro, ya koma ya sake sarƙewa. Da aka yi sallama ya kasa tashi. Ana sanyi amma gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa, yana magana ba kai ba gindi. Ya kira ni da ainihin sunana, abin da rabonsa da yi tun kafin mu yi haihuwar fari. Na ɗauka shanyewar jiki ce. 'Yata ta ɗauko na'urar gwaji ta soki yatsansa, ta duba, ta ce sugansa ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ta tambaye shi allura nawa ya yi, da ƙyar ya ce ta yanka biyu. Sai ta ɗago ta kalle ni. A nan ne na fara sanin cewa allurar nan ba ɗaya ba ce kullum, gwargwadon abin da mutum zai ci yake aunawa. Ya yi allurar da za ta cinye sugan kek biyu, kuma babu suga a kek ɗin, babu tuwo a cikinsa.

Ta kira motar asibiti. Wadda ta ɗauki wayar ta ce idan yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi yanzu-yanzu. Na shiga kicin na buɗe kabad na farko, na biyu, na uku, na buɗe firij. Komai a jere yake, tsaf, kuma babu ko ƙwayar suga. Na ɗauko farin garin nan da na yi kek da shi, 'yata ta ture hannuna ta ce wannan ba zai yi komai ba. Na laluba aljihun rigarsa, na laluba na wandonsa. Ni na wanke su, ni na kwashe abin da ke ciki.

Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, na kama bugun ƙofar Hajiya. Da ta buɗe na ce mata suga, Alhaji ne. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta fito da gwangwanin suga a hannu ɗaya, gorar lamurje a ɗaya, ta riga ni shiga gidana. Ta durƙusa ta tallafe kofi a bakinsa, tana ce masa ya sha, ya ƙara, yau Kumandan da kanta ta ba da izini. Ashe har ita ta san sunan, bangon gidajen nan kamar takarda yake. Ina tsaye ina kallo idonsa ya fara dawowa daidai, rawar hannun ta lafa. Kafin ma'aikatan asibiti su shigo har ya fara tambayar wa ya cire masa hula.

Suka gwada shi, suka tambayi abin da ya ci. Na faɗi gaskiya da bakina, 'yata tana fassarawa. Matar da ke cikinsu ba ta yi min faɗa ba. Ta ce kek ɗin ba shi da laifi, rashin sanin abin da ke ciki ne matsalar, kuma mai irin wannan allura dole abu mai zaƙi ya kasance kusa da shi koyaushe. Suka ce ya ci abinci mai riƙe ciki, ya ga likitansa. Hajiya ta koma ta kawo shinkafa da wake. Ya ci, ban auna ba.

Da kowa ya watse na durƙusa a gabansa na ce ya yafe min. Ya ce in tashi, gwiwa ta tsufa. Ya ce shi ma da nasa laifin, da ya bar ƙofar ɗakin a buɗe tun farko da na ga yadda ake aunawa, kuma da ya tsaya a kan maganar alawa maimakon ya koma ɓoye su a wurin aiki kamar ɗan makaranta. Sai ya ce zai gaya min wani abu amma kada in yi fushi. Wai tun loma ta farko ya ji kek ɗin yana da ɗan tsaki-tsaki, kuma yana sanyaya harshe kamar man goge baki. Ya ɗauka hannuna ne ya manta da suga, ya ci na biyun don kada in ji babu daɗi. Abin da ya yi masa daɗi, in ji shi, shi ne ranar na sa masa abinci ban tsaya ina kallon bakinsa ba. Na yi kuka, ni da ba na yi a gaban kowa.

Ga abin da na gyara, bi da bi. Na bi shi wurin likita, na sa aka kira mai fassara, na yi tambayoyina har na gane. Na sayi suga na ajiye a inda hannu ke kaiwa. Idan na goge rigarsa, ni da kaina nake sa alawa uku a aljihu kafin in rataye. Na dafa dambun nama na kai wa Hajiya a kwanonta, tare da gorarta, na ba ta haƙuri, ta ce ita tun ranar ta manta, amma lamurjen Juma'a zai dawo, nawa da suga, na Alhaji babu. Bana ma na gasa kek ɗin, fari yadda Allah ya yi shi. Kafin in yanka na tsaya na lissafa masa duk abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce huɗubar ta fi kek ɗin tsawo, amma ya saurara har ƙarshe, sannan ya auna allurarsa a gabana.

Abin da na koya shi ne, na tsare mutumin nan kamar fursuna ina ganin kulawa ce, ranar da na tashi faranta masa kuma na yi da ƙarya. Duka biyun don ina son sa na yi, kuma duka biyun sun kusa raba ni da shi. Mai jinya da ba ta tambaya tana iya yin ɓarnar da ciwon bai yi ba. Don haka ina roƙon duk wadda ke da mai ciwon suga a gida, miji ne, uwa ce ko uba, kada ki ɓoye masa abin da kika sa a abinci ko da don ya ji daɗi ne. In kin ajiye wannan mujalla, ki je ki zauna kusa da shi, ki ce ya nuna miki yadda yake shan maganinsa, kuma ki bar shi ya gama magana kafin ki ce komai.