Yaya Ilyasu da Dokar Maimaitawa

Duk wanda ya san Yaya Ilyasu a unguwar Rusaifa ta Makka ya san agogon nan na wuyansa. Shekara da shekaru ya yi a ƙasar waje, a tashar lantarki ta nukiliya. Aikinsa ya zauna bayan masu kula da na'urori yana auna su: daƙiƙa nawa kafin su ankara da ƙararrawa, wa ya danna maɓalli bai duba ba. Da ya yi ritaya ya dawo Makka, sai ya mai da mu ma'aikatansa. Ni ƙanwarsa na fi kowa ɗanɗanawa.

Dokarsa ɗaya ce: ya faɗa, ka maimaita, ya ce "Daidai." In ukun nan ba su cika ba, ba a yi magana ba.

"Hajara, kashe gas."

"To."

"To me? Maimaita!"

Miya na ƙuna, ina tsaye ina karatu!

Ranar ɗaurin auren 'yata a unguwar Ka'akiyya, wakilin ango ya ce, "Mun karɓa." Wai sai Yaya ya miƙe: "Kun karɓi wa, ya shehi? 'Yan mata uku ne a gidan!"

Wata rana na gaji. "Halas, ya isa haka, Yaya! Wallahi ka ishe mu!"

Ya ce in zauna. Sannan ya ba ni labarin wani ma'aikaci da ya faɗi jarrabawa saboda ba ya maimaita umarni. Matarsa ta haihu a makon, tausayi ya kama Yaya, ya tsallakar da shi. Daga baya aka ce wa ma'aikacin ya rufe bututun dama, ya ce to, ya rufe na hagu. Tururi ya dafa wani mai gyara da ransa.

"Ni na sa hannu a takardarsa, Hajara."

Tun ranar ban ƙara ce masa to ba.

Bara shanyewar jiki ta kama harshensa. Likita ya ce mu yi haƙuri. Tsorona ɗaya, kada ya tafi bai yi kalmar shahada ba. Na raɗa masa sau uku, shiru. Sai na daka masa tsawa irin tasa: "Yaya, maimaita!"

Ya jawo ta da ƙyar, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Amma ya kafe ni da ido, ya ƙi sakin hannuna. Jira yake.

Ina kuka na ce, "Daidai."

Allah Ya jiƙan Yaya. Yadda ya taɓa tausaya wa wanda ya kasa, Allah Ya tausaya masa ranar awon ayyuka.