Takalmin da Mahamadou Ya Aika wa Ƙaninsa

Duk wanda ya taɓa sarin wandon jins a Guangzhou ta ƙasar Sin ya san Mahamadou Badamagare, wanda bai san shi ba kuwa an riga an cuce shi. Dogo ne siriri, ya zo garin nan tun yana da gashi a ka. Aikinsa raka 'yan kasuwa zuwa Xintang, inda ake ɗinka jins, ya murza yadi da babban yatsa ya ce wannan zai zuba a wankin farko, wancan har jika zai gada. Masu shago in sun hango shi sai na banza ya koma ƙarƙashin tebur. A kan yadi ba a yi masa wayo. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauka duk abin da allura ta ratsa yadi ne.

Yana da ƙane, Ma'azu, autan gidansu, wanda shi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Ma'azu soja ne a Yamai, kuma Allah ya ba shi huhu. Da labari ya zo cewa an zaɓe shi ya yi tseren mita dubu goma a gasar duniya, Mahamadou ya rantse yaron ba zai shiga filin nan da takalmin aro ba. Ya nufi wata kasuwa a bayan kasuwar tufafi ta Canaan, ya nuna wa wani laoban, wato mai shago, hoton takalmin gudu mai ƙusoshi a waya. Laoban ya fito da kwali. Mahamadou ya murza takalmin da yatsa, ya ja ɗinkin, ya shinshina, ya ce ya yi. Kore ne shar. Ya ba wani mai tafiya Yamai ya kai.

Ma'azu ya gwada sau ɗaya a ɗaki, ya mayar cikin kwali ya adana kamar kayan Sallah, ya ce sai ranar.

Ranar kuwa, bayan Magariba, Mahamadou ya tara jama'a a gidan abincin Hajjo da ke unguwar Xiaobei, inda talabijin ta fi tukunya girma. Yana ta yawo da waya yana nuna hoton takalmin, sai ga Salihu, Bakano dillalin takalma, abokin tsokanarsa na shekaru. Salihu ya karɓi wayar, ya buɗa hoton, ya tambayi shagon da aka saya. Da aka gaya masa sai ya miƙa wa Mahamadou wayarsa. Bakano ya samu Badamagare a hannu amma bai tsokane shi ba, ai ka san ba lafiya.

"Mahamadou, wannan ba na gudu ba ne, na ɗaukar hoto ne," in ji Salihu. "Gam ne kawai ya riƙe ƙasan. Na taɓa aika nasu Kano. Wani ya saka ya bi adaidaita da gudu, shi da saman takalmin suka isa Sabon Gari, ƙasan yana Ƙofar Wambai har yau."

Mahamadou ya ce ai ya duba ɗinkin. Salihu ya ce ɗinkin ado ne, kuma abu biyu gam ɗin ba ya so, zafi da ruwa. A daidai lokacin talabijin ta nuno filin, yana sheƙi da ruwan saman da aka gama.

Mahamadou ya kira Ma'azu, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ga 'yan tsere an jero su, ga Ma'azu can gefe, ga koren takalmi a ƙafarsa. Zagaye ashirin da biyar ke gabansa, duniya na kallo, tsohuwarsu ma na kallo a Damagaram cikin maƙwabta. Wannan ce damar yaron ta farko, wataƙila ita ce ta ƙarshe, kuma in ƙasan takalmin nan ya fita, kowa a Damagaram ya san wanda ya aiko shi.

Aka harba bindiga. Hajjo ta ajiye wa Mahamadou tuwo da miyar kuka, ko kallonsa bai yi ba.

Zagayen farko-farko ana ganin Ma'azu cikin tarin mutane. Da na gaba suka ƙara wuta sai ya ɓace, domin mai kyamara ba ya ɓata lokacinsa a kan na baya. Mahamadou ya matsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, kamar in ya leƙa ta gefe zai hango shi. Salihu ya ce masa ya zauna, ba za a sake nuna yaron ba sai in na gaba sun zagayo sun cim masa.

Mahamadou ya ɗaga hannu biyu. "Allah ka sa su kamo shi da wuri."

"Malam Mahamadou," in ji Hajjo, "tunda nake ban taɓa jin wa ya yi wa ƙaninsa irin wannan addu'a ba."

Addu'ar ta karɓu. Bayan rabin tseren suka zagayo, sai ga Ma'azu a gefen hoton, baki buɗe, ƙafa biyu, takalmi biyu. Mahamadou ya sauke numfashin da har labulen ƙofa ya motsa. Suka wuce shi, ya sake ɓacewa, Mahamadou ya koma roƙon a sake kamo shi.

Abin da ya faru a gaba kuwa, masu sharhi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Mutum uku suka taho a zagayen ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, suka faɗa kan layi tare, sai da aka duba hoto kafin a san gwani. Gidan Hajjo ya kaure, har wanda bai san ko mita dubu goma ta kai daga nan zuwa garin Shiling ba yana tsalle. Mahamadou bai ga ko ɗaya ba. Ana nuna gwanin yana yawo da tuta, shi kuwa yana kallon bayan kafaɗarsa, inda wani ɗan mutum ke ci gaba da gudu shi kaɗai. Ɗan mutumin ya zo layi, ya tsallake, ya dafa gwiwoyi. Akwai kore a dama, akwai kore a hagu.

Sai da aka ɗan jima Ma'azu ya kira ta bidiyo, yana haki yana dariya. Ya ce mutum biyu ya bari a baya, kuma bai taɓa gudu da sauri haka ba a rayuwarsa.

"Barka, auta. Ɗago min ƙasan takalmin in gani."

Ma'azu ya ɗago na hagu. Gaban ya buɗe baki, har ya zura yatsu biyu ciki suka leƙo.

"Yaya, tun ana saura zagaye uku yake min tafi. Na ɗauka haka na zamani suke."

Salihu ya leƙo ta kafaɗar Mahamadou ya ce a gaishe da soja, kuma ya gode wa Allah tseren bai kai mita dubu goma sha ɗaya ba. Mahamadou ya ce a jefar da takalmin tun a can. Ma'azu ya ce ina, ai tsohuwa ta riga ta ce a kawo mata ta rataye a ɗaki.

Mahamadou ya zauna a karon farko tun Magariba, ya jawo kwanon tuwon da ya huce, ya ce wa Hajjo ta ƙaro miya.